Zan kai uwar mijina San Sebastiyan, amma gabana yana faɗuwa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Muna zaune a Bordo ta ƙasar Faransa, maigida yana digiri na uku. Mahaifiyarsa ta zo mana daga Katsina da na haihu. Tun aurenmu ba mu taɓa samun saɓani da Hajiya ba, amma kuma ba mu saba ba, don ba ni ta so ya aura ba, 'yar ƙanwarta aka so a haɗa su. Ban riƙe wannan a zuciya ba. Tun zuwanta ita ke yi wa jaririya wanka, ita ke dama min kunun kanwa da kayan da ta taho da su, ko tsintsiya ba ta bari in ɗaga. Sai dai kullum tana gida, daga ɗaki sai falo. Rannan na ji tana gaya wa 'yarta a waya cewa ta zo Turai amma bango kawai ta gani. Maganar ta tsaya min a rai. Sai na kwashi kuɗin kitson da na tara na kama mana masauki a San Sebastiyan, tsallaken iyaka a Sifaniya, saboda maƙwabciyata ta ce babu garin da ya kai shi kyan teku da daɗin abinci. Kuɗin ba a mayarwa. Jiya na zauna duba hotunan garin: mata a bakin ruwa kusan tsirara, gidajen abinci da cinyoyin alade a rataye, ga kwalaben giya a jere. Hajiya mace ce mai tahajjud. Maigida ya ce duk yadda na ga ya dace. In fasa ne ko in kai ta?

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya. Ba ki faɗi wane wata za ku je ba. Kin yi arba'in? Hajiyar tana iya doguwar tafiya a ƙasa?

Mazaunin Irun: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Nan kusa nake zaune, kilomita 20 ne tsakanin garin da iyakar Faransa. Ku hau jirgin ƙasa daga Bordo zuwa Handay, garin Faransa da ke kan iyaka, a nan ku shiga ƙaramin jirgin Euskotren, cikin minti 40 kun isa. A allo za ki ga an rubuta Donostia, sunan garin ke nan a harshen mutanen Bask, kar ki rikice. Batun abinci kuma kifi ne ƙarfin garin. A tsohuwar unguwa ake sayar da pincho, ƙananan loma ne a kan burodi ko a tsinke kamar tsire, Yuro 3 zuwa 4 kowanne. Akwai gilda, zaitun ne da ɗan kifi da koren barkono a tsinke. Akwai wainar ƙwai da dankali, akwai kifin bakalawo, jatan lande da ƙaguwa. Ki riƙe kalmomi biyu: "sin cerdo", wato ban da alade, da "sin alcohol". Ki guji kroketa sai kin tambaya, sau da yawa da alade a ciki, kuma duk naman da kika gani cikin jan romo mai kauri, da giya ake dafa yawancinsa. Abin sha ki ce mosto, ruwan inabi ne da bai zama giya ba.

Malama daga Kaduna: Malam, ka yi bayanin abin da ke cikin faranti, ka bar wurin da za a zauna a ci. An hana mumini zama a teburin da ake shan giya. Yaya za a ɗauki dattijuwa mai jego a hannunta a shiga mashaya da ita? 'Yar'uwa, ki haƙura da kuɗin. Abin da aka bari don Allah ba ya zama asara.

Mazaunin Irun: Malama, wa ya ce dole sai an zauna? Akwai kasuwar La Bireca a tsohuwar unguwa, ta sayi kifi ta dafa a masauki. Ko ta sayi kek ɗin cuku mai ƙonannen sama na gidan abincin La Viña, wanda duniya ta kwaikwaya, su ci a kan benci. In haka ne ai ko a Bordo ba za su fita ba, garin da giyarsa ce ta yi masa suna.

Uwar gida a Tuluz: Hmm. Ni na kai tawa surukar yawo a nan, na biya komai, har takalmi na saya mata. Da ta koma gida cewa ta yi ina ɓarnatar da dukiyar ɗanta, alhali gumina ne. Har yau dangin miji suna min gorin abin. Kuma shi maigidan ko uffan bai ce ba. Wannan "duk yadda kika ga ya dace" da naki ya faɗa, ki kula da shi, in abu ya ɓaci ke kaɗai za a kama.

Mai tambaya: Anti, Hajiyata ba haka take ba, kuma maigida ba gudun nauyi yake ba, rubutun kammala karatu ne ya sha masa kai. Malama, na gode, amma ban kama masaukin don saɓon Allah ba, so nake ta ga teku ko sau ɗaya a rayuwarta. Ba zan yar da kuɗin da na tsaya a kan ƙafata na tara ba. Maman 'yan biyu, tsakiyar watan Agusta ne, kuma na yi arba'in.

Ɗan ƙwallo: Ai garin ƙungiyar ƙwallo ta Real Sociedad ne, inda Sadiq Umar ɗan Kaduna ya koma daga Almeria a 2022. In shi ya zauna a can ya rayu, ku ma za ku iya.

Mazaunin Irun: Tsakiyar Agusta kika ce? To kin faɗa cikin Babban Mako, bikin garin na shekara da ake yi a makon 15 ga wata. Kowane dare ana gasar wasan wuta a saman ruwa, mutane ba masaka tsinke. Ga yadda za ki yi, kuma ki bi shi daidai. Bakin ruwa uku ne: La Konca, Ondareta da Zuriyola. Zuriyola na matasa masu hawan igiyar ruwa ne, ki manta da shi. Ku fita La Konca da sassafe bayan asuba, masu kwanciya a rana ba su fito ba, sai tsofaffi masu tattaki. In rana ta ɗaga ku wuce ƙarshen Ondareta ku ga ƙarafan ado da mai sassaƙa Eduardo Chillida ya kafa a jikin duwatsu, daga nan ku hau jirgin da ke jan mutane zuwa saman dutsen Igeldo, tun 1912 yake aiki. Daga can Hajiya za ta ga teku da tsibirin Santa Kilara gaba ɗaya, mutanen bakin ruwa kuwa ba za ta iya tantance su ba. Kar ku hau dutsen Urgul, da ƙafa ake hawa. Ku riƙe laima, garin yayyafi ne ko da bazara. Magariba sai bayan ƙarfe 9, mutanen garin kuma a lokacin suke fara cin abincin dare, don haka ku ci naku da wuri.

Maman 'yan biyu: Wasan wuta da jaririya 'yar wata biyu? Ƙarar kaɗai ta isa. Ni dai a ganina ki zaunar da Hajiya ki nuna mata hotunan, har da waɗanda suka tayar miki da hankali, ta zaɓa da kanta. Babba ce, ta san abin da idonta zai iya ɗauka.

Mai tambaya: In na nuna mata cewa za ta yi a bari, don kar a kashe kuɗi a kanta. Na san halinta. Shi ya sa nake so sai mun isa ta gani.

Malama daga Kaduna: Wato kin riga kin yanke hukunci, shawarar me kike nema kuma?

Uwar gida a Tuluz: Ni ma haka na ce, na san halinta.

Ɗan Damagaram a Bayon: Ku duka kun bar babbar magana. Bizar Hajiya in ta Shengen ce, wato ta bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da dama, tana shiga Sifaniya, wannan ba matsala. Amma 'yan sandan Faransa suna yawan duba takardu a kan iyakar Handay, musamman wajen dawowa, kuma baƙar fata ba ya wuce su cikin sauƙi. 'Yar'uwa, jaririyar taki an yi mata fasfo?

Mazaunin Irun: Ni kullum nake tsallaka wurin, ba kowa ake tsayarwa ba.

Ɗan Damagaram a Bayon: Ba kai na tambaya ba, Malam. Ita nake jira.