Laka a gindin gorar zoɓo

Maman Walid: Assalamu alaikum matan zaure. Don Allah ku ba ni shawara. Zoɓon da nake yi na sayarwa, in ya kwana a firij sai in tarar wata laka ta kwanta a gindin gora. Mai saye na ɗagawa ya gani sai ya ajiye. Kuma ina tacewa da rariya.

Anti Luba: Wa alaikumus salam. Rariya kaɗai ba ta yi, ki nemi kyallen tatar koko.

Maman Hanifa: Ke dai bari, abin nan ya taɓa kunyata ni a sunan ƙanwar maigida. Garin citta na saya niƙaƙƙe a kasuwa, ashe an haɗa shi da wani gari. Na ɗura gorina da dare jawur gwanin sha'awa, da safe kowace gora da taɓo kamar an ɗebo daga gulbin Argungu. Dangin miji kuwa kin san su, sai ɗaga gora suke suna kallon juna. Tun ranar na daina amfani da garin citta. Busasshiyar citta nake saye, irin ta Kachia, in farfasa ta a turmi sama-sama, kanumfari kuwa ɗungurungum nake jefawa. Shi kansa zoɓon a ƙasa ake shanya shi, yashi ne fal a ciki. Ki ɗauraye shi da ruwan sanyi da sauri, ki tsame da hannu, kar ki juye, yashin ya zauna a roba. In ya dahu ki tace da rariya, ki sake da kyalle ninki biyu, kuma kar ki matse, matsewar nan ke turo tsakin. Sai ki rufe bokitin ki bar shi kamar awa 3 ba mai taɓawa. Ki tsiyaye a hankali cikin wani bokiti, na ƙasan nan ki bar wa yara. Sukari daga baya.

Hajiya Yauri: Yaran ne bola ke nan?

Maman Hanifa: Hajiya rububinsa suke yi, ya fi yaji.

Ummu Sadiq: Ni dai 'yar kanwa nake sawa, tana kashe tsami.

Anti Luba: Kanwa ba ta hana laka, baƙi kawai take sa shi. Wa zai sayi zoɓo kamar ruwan rini?

Ummu Sadiq: Anti ba tuwon kanwa na ce ba, ɗan ƙwaya. Masu gyambon ciki na gode mini.

Hajiya Yauri: Ku bar faɗa. Maman Walid, kina sa abarba?

Maman Walid: Ina markaɗawa in zuba Hajiya, har da kokwamba.

Hajiya Yauri: To ga ɓarauniyarki nan. Markaɗe ko sau nawa kika tace sai ya kwanta. Ki wanke ɓawon ki dafa tare da zoɓon, ƙamshin ya ishe ki. Ga zafin Birnin Kebbi ga rashin wuta, mai markaɗe ya fi saurin tsami, gora har kumbura take yi.

Amarya: Ni da nake girgizawa kafin in miƙa wa mutum fa?

Anti Luba: Amarya Allah ya shirye ki.

Ummu Sadiq: Wai nawa kwanon zoɓo a Jega satin nan? Ina da mai zuwa.