Soyayya da aljani a tatsuniyoyin Ayalan

Mun sha muhawara da 'yan'uwa marubuta kan labarin budurwar da ta kamu da son aljani irin na tatsuniyoyin ƙasar Ayalan da ke Turai. Yawancinsu sun ce kada soyayyar ta faɗo rana tsaka. A fara da tsoro, sannan shaƙuwa.

A tatsuniyoyin can, wanda ya ci abincin aljanu ba ya komawa gida, kuma ƙarfe na korarsu. To in za ta ci tuffarsu a babi na 20, a nuna ta tun babi na 2 tana ƙin ko kurɓar ruwansu. Shawarar da ta fi burge ni: ƙusar da kakarta ta ɗinke mata a bakin zane, ita da kanta za ta ɓalle ta.