Wai mene ne "irony" ne? Wani ɗan Chana ya ƙure ni

Ɗan Kubwa:
Salamu alaikum jama'a. Akwai wani ɗan Chana da muke aiki tare a wajen Idu, yana koyon Turanci, kullum sai ya tare ni da tambaya. Jiya ya ce in fassara masa irony, wai wayarsa ta ba shi kalmar fengci a yarensu amma bai gamsu ba. Ni kuma wallahi da farko na ɗauka wani abu ne da ya shafi ƙarfe ko guga 😂 Don Allah masu ilimi a taimaka.

Malama Jos:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ba ruwanta da ƙarfe, daga Girkanci ta fito, eironeia, wato mutum ya nuna kamar bai san komai ba alhali ya sani, irin yadda Socrates, masanin falsafar Girka na dā, ke yi wa mutane tambaya har su kama kansu. Mu a Hausa gatse ne. Ka tarar da yaro kwance tun safe bai ɗauke ko tsinke ba ka ce masa "sannu da aiki", to shi ke nan.

Abban Sadiq:
Na ɗan zauna a Guangzhou ina sayayya, fengci (讽刺) tana da faɗi sosai, ta haɗa da zambo da habaici da ba'a duk a kwando ɗaya, shi ya sa bai gamsu ba. In gatse kake nufi ka ce masa fanhua (反话) ko fanyu (反语), wannan fan ɗin na nufin akasi, wato magana a juye. 'Yan adabi kuma fanfeng (反讽) suke cewa. Wadda ake yi don a ci mutunci ita ce waku (挖苦).

Baba Na Terminus:
Malama ki yi haƙuri amma gatse bai ɗauke ta duka ba fa. Akwai wadda ba wanda ya yi magana, al'amari ne kawai ya juye, kamar ofishin 'yan kwana-kwana ya kama da wuta, nan gatsen wa za a ce? Mu karin magana muke kawowa, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Malama Jos:
Gaskiya ne Baba, na karɓa.

Ɗan Kubwa:
Na gode kwarai. Fanhua ɗin zan fara gwadawa gobe, sai dai matsalar furuci, ranar nan na ce masa ina son ruwa da yarensu ya ɗauka barci nake ji.