Neman shawara: wane shasi zai shiga ƙarƙashin Chevrolet 3100 ta 1951?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina nan Amurka da a-kori-kura Chevrolet 3100 ta 1951. Bodinta lafiya lau, amma tsatsa ta ci shasin daga baya. So nake a riƙa hawa babban titi da ita, da birkin zamani da sitiyari mai laushi. Wasu sun ce in nemi shasin S-10, ƙaramar a-kori-kurar Chevrolet, wasu sun ce na Crown Victoria, babbar motar Ford. Wanne ya fi?

Oga Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, tef ne zai raba wannan gardama. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya a motarka inci 116 ne. S-10 kuwa, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 2004, tsayi uku gare ta: mai gajeren baya 108.3, mai dogon baya 117.9, mai dogon kai 122.9. Ta tsakiyar za ka nema, kuma wadda ƙafar baya kaɗai ke ja. Kada rarar kusan inci biyun ta dame ka, domin dama tayar bayan 3100 ta ɗan karkata gaba a cikin madigadi, rarar ce za ta daidaita ta.

Matsalarta faɗi. S-10 siririya ce, tayoyin za su shige can ciki. A gaba ana sa faifan tazara na inci ɗaya da rabi zuwa biyu. A baya ka canza aksul: ko na S-10 mai jan ƙafa huɗu, wanda ya fi faɗi, ko na Ford Explorer da ake kira 8.8, na 1995 zuwa 2001, mai birkin faifai. In injin V8 za ka ɗora, na Explorer ɗin ya fi jure wahala, sai dai ramukan notinsa 5x4.5 ne (noti biyar a kan da'ira mai faɗin inci 4.5), na S-10 kuwa 5x4.75. Ka san da wannan tun kafin ka sayi wili.

Mai Walda:
Crown Victoria dai ka cire ta daga lissafi. Ƙafar gabanta ta 2003 zuwa 2011 ta dace da Ford F-100 na shekarun 1960 da 1970 masu faɗi, amma a motarka taya za ta leƙo waje.

Oga ya faɗi awo, ga inda aikin yake cin mutane. Akwatin sitiyarin S-10 yana gaban ƙafa, daidai wurin da lagireto ke son zama, dole a yanke hancin shasin a yi wa lagireto sabon mazauni. Shasin kuma ya yi tozo a kan aksul ɗin baya, sai an ɗaga katakon bodin baya. Mazaunin kai, na matakala da na bamba duk sabbi za a ƙera. Ka ɗora kai da madigadin gaba tare, ka ga taya ta zauna tsakiya, ka ɗan ɗiga walda, ka sake awo, sannan ka yi cikakkiyar walda. Wanda ya fara da cikakkiyar walda, ƙofa da bonet ne za su tona masa asiri.

Mai tambaya:
Na gode Oga. Mai dogon kai ce ta fi samuwa a nan. Za ta yi?

Mai Walda:
Za ta yi, in an rage kusan inci biyar a mahaɗar da gaban shasi ya shiga cikin bayansa, a kuma rage farfela da bututun birki da na mai. Kafin ka biya, ka auna shasin kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon ya saɓa sosai, motar ta taɓa haɗari, ka bar ta.

Alhaji Mai Fenti:
Ni ban ga an tabbatar shasin asali ya mutu ba. In tsatsar ta tsaya a baya, faci da ƙarfe da ƙafar gaba irin ta motar Ford Mustang II sun fi sauƙi, kuma bodi zai koma kan ramukansa. In kuwa canjin za a yi, ka sayi S-10 ɗin sukutum, domin masta (famfon man birki), fedar birki da tankin mai duk za su yi maka amfani. Sannan ka tambayi ofishin rajistar motoci na jiharka tun yanzu, saboda shasi yana da lambarsa, kuma kowace jiha da dokarta.