Ina zan samu hanyar hawan keke a gefen Katsina, inda ba mota ba Napep?

Baban Khalifa, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekarata 47, aikin ofis nake yi, kuma wata huɗu ke nan da aka auna ni aka ce sukarina ya hau. Likita ya ɗora ni a kan magani, ya ce in riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Gwiwata ba ta son gudu, sai na sayi keke na hannu mai giya, na saya wa Khalifa ƙarami don ya riƙa raka ni. Shekararsa 11.

Mako biyu muna fita titin Dutsin-Ma da la'asar. Ran Talatar da ta wuce wani mai Napep ya sha gabanmu zai ɗauki fasinja, ya tsaya cak ba sigina. Yaron ya damƙe birkin gaba, keken ya tuntsure da shi, ya goge gwiwar hannu a kwalta, wata mota ta wuce dab da kansa. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Tun ranar mahaifiyarsa ta kulle kekensa a sito, ni ma ban sake fita ba. Don Allah wa ya san hanyar da za mu yi awa guda muna tuƙi hankali kwance?

Mai gyaran keke, Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa, Alhaji. Titin Dutsin-Ma da la'asar ai ba wurin yaro ba ne. Kwalejin Ilimi ta Tarayya, Foliteknik ta Hassan Usman da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa duk a kan wannan hanya suke, kuma lokacin ne ɗalibai da ma'aikata ke tasowa, masu Napep na rububin fasinja.

Abin da kake nema yana bayan gidajen ƙarshe na gari. Duk ƙauyen da ke kewaye da Katsina akwai hanyar ƙafa da burtali da ke haɗa shi da maƙwabcinsa, kuma masu kawo itace da madara da ganye a kan keke ta nan suke shigowa kullum. Mota ba ta bi, sai dai babur jefi-jefi da amalanke. Ka fita da safe ka tsaya bakin gari, ka ga ta inda masu keke ke ɓullowa, ka bi sawun tayarsu. Inda sawun ya yi siriri ya miƙe, ƙasa ce mai tauri. Inda ya yi faɗi yana karkacewa, yashi ne, ka sauko da giya tun kafin ka shiga, kada ka taɓa birkin gaba.

Abu biyu ne za su wahalar da kai, yashi da ƙaya. Na yashi, sa taya mai faɗi mai ƙwanƙwasa, ka rage iska kaɗan yadda in ka danna da babban yatsa za ta ɗan lotsa. Na ƙaya kuwa, babban abokin gabarka tsidau ne. Ɗan ƙanƙane, yana kwance a ƙasa, duk ta inda ya juya tsininsa na sama. Akwai ranar da na zare guda tara daga tayar gaba ɗaya. Dabarar da muke yi: a samu tsohon tib a tsaga shi, a shimfiɗa cikin taya kafin a sa sabon. Keken zai ɗan yi nauyi, amma faci zai ragu sosai. Kada ka fita ba famfo, gam, faci da sifana mai lamba 15. Ka kawo yaron shagon kowane mai gyara a koya masa faci, ba ya cin minti ashirin. A kuma sassauta masa birkin gaban nan, a nuna masa ya fara kama na baya.

Maman Hanifa, ma'aikaciyar jinya:
Yaya, ni ta ɓangaren sukarin zan yi magana. Wasu magungunan, musamman allurar insulin, kan sa sukari ya faɗi ƙasa in an yi aikin ƙarfi ba a ci komai ba. Ka koma ka gaya wa likitanka da asuba za ka riƙa fita, ya duba irin maganin da kake sha. Ka sa dabino uku ko huɗu a aljihu da gorar ruwa. In ka ji rawar jiki, zufa mai sanyi ko jiri, sauka nan take ka ci. Khalifa ma ya san waɗannan alamu. Sannan takalmi rufaffe da safa, ban da silifa, kuma in ka dawo ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu. Ƙaya ɗaya a ƙafar mai sukari ba ƙaramin abu ba ce.

Ɗan jami'a, Layout:
Baba, mu biyar ne muke fita duk Lahadi. In kwalta kake so, cikin birni ma yana zama naka daga sallame sallar asuba zuwa wajen bakwai. Mukan taso ta Ƙofar Soro, mu ratsa ta gindin Hasumiyar Gobarau, mu fita ta Ƙofar Sauri mu zagayo. Ba ka haɗuwa da kowa sai masu shayi suna hura wuta da almajirai. Da ƙarfe bakwai ta gota an gama.

In ƙafarka ta yi ƙwari akwai madatsar ruwa ta Ajiwa, gabas da gari, wadda Katsina ke shan ruwanta. Ga lambuna a gefe, ga iska. Mun taɓa zuwa Lambar Rimi ganin fankokin lantarkin nan masu aiki da iska, guda 37 ne, amma ba zan ba ka shawarar ka kai yaro ba, don dole ka hau titin Kano da tireloli.

Dattijo, Batagarawa:
Ɗana, na ji abin da mai gyara ya faɗa, gaskiya ne, amma akwai saura. Ni na yi shekara fiye da talatin ina shiga Katsina bisa keken Raleigh, kuma hanyar da kake shirin bi tana da masu ita. Burtali na shanu ne. In ka hango garke, sauka ka raɓe, kada ka kaɗa ƙararrawa, saniya mai ɗan maraƙi ba ta da wasa. In ka shigo ƙauye rage gudu, yara ƙanana na fitowa daga zaure ba duba. Ka yi sallama ga duk majalisar da ka wuce. Zuwan farko ka tsaya ka gaida mai unguwa, ka faɗi sunanka da unguwarku da abin da ya kawo ka. A wannan zamani baƙon fuska da ke zagaya bayan gari da sassafe, ba wanda ya san shi, zargi yake jawo wa kansa. In an san ka kuwa, ranar da tayarka ta fashe za a ba ka tabarma da ruwa.

Yamma da gari, wajen hanyar Batsari da Jibiya, kada ka nufa, kowa ya san halin rashin tsaron da yankin ya shiga. Ko a sauran ɓangarorin, ka tambayi mutanen wurin kafin ka zurfafa, ku kasance aƙalla manya biyu, kuma kada ka fita gari bai waye tangaran ba. Da damina kwana guda bayan ruwa ya fi daɗi, yashi ya kwanta. Amma in gero da dawa suka yi tsawo ba ka ganin abin da ke gabanka a kwana. Bayan girbi kuma ka kiyayi tushiyar kara.

Maman Hanifa:
Ni dai Yaya, da za a bar yaron ya yi wata guda a filin makaranta tukuna. Wanda ya faɗi jiya hannunsa na rawa a kan birki.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maman Khalifa duka, maganar Maman Hanifa ta fi shigarta. Mun yi da ita zai riƙa zagaya filin firamaren unguwarmu da yamma har ƙarshen wata, na kuma sayo masa hular kwano. Gobe zan kai kekunan a sa tsohon tib, Alhamis in ga likita. Ɗan jami'a, Lahadi ina nan tafe Ƙofar Soro in sha Allahu, ku yi haƙuri da tafiyata. Baba na Batagarawa, in kana da hali ranar Asabar, ina so ka nuna mini bakin burtalin naku, ka kuma kai ni wurin mai unguwa.