Shin wayar salula ce ta fi rage talauci a Damagaram?

Malamin makaranta, unguwar Birni: Assalamu alaikum. Jiya bayan sallar isha'i na ce wayar salula ta fi kowane shirin tallafi rage talauci a ƙasar nan cikin shekaru 20 da suka wuce, wasu suka ƙi amincewa, shi ya sa na kawo maganar nan domin kowa ya faɗi hujjarsa a natse. Tawa hujjar ita ce binciken masaniyar tattalin arziki Jenny Aker, wadda ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da rezo yake shiga gari bayan gari, ta kuma gano cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Idan gero ya yi tsada a Tanut alhali yana da araha a Magarya, yanzu labari yakan riga mota isa.

Hajiya mai hatsi, kasuwar Dole: Wa alaikumus salam. Malam, ni na ga wannan da idona. A da sai na biya wa yaro kuɗin mota ya tafi Mirya ranar kasuwa ya jiyo mini kuɗin tiya, wani lokaci kafin ya dawo farashin ya motsa. Yau kira uku nake yi da safe ina zaune a kan buhu, in san inda zan tura kuɗina. Amma tsakani da Allah, ni ce na fi cin ribar wannan sauƙi, kuma ba ni ce talakan da ake magana a kansa ba.

Tsohon malamin gona, Matamaye: Hajiya ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Malam, ka karanta rabin labarin ka bar rabi. Ita Aker ɗin ta sake yin wani nazari tare da Marcel Fafchamps a kan kuɗin da manomi da kansa yake karɓa, suka tarar cewa a wake ne kaɗai tazarar ta ragu, da kusan kashi 6 cikin ɗari, gero da dawa kuwa babu abin da ya canza, kuma matsakaicin abin da ake biyan manomi bai ƙaru ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya zauna a ƙauye. Manomin da ya ci bashi da damina, ranar da ya ɗaure dami mai bashi yana tsaye a bakin rumbu, saboda haka ko an faɗa masa farashin Kano a waya, ba shi da amalanke, ba shi da kuɗin mota, ba zai kuma iya jira har bazara lokacin da hatsi yake daraja ba. Kada mu yi wa rogo kallon kitse.

Ɗaliba a Jami'ar André Salifou: Baba, a gafarce ni, amma waya ta wuce tambayar farashi. A Kenya an fara M-Pesa, tsarin aika kuɗi ta waya, a 2007, kuma nazarin da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa ta fitar da gidaje kusan 194,000 daga talauci, mafi yawan tasirin a gidajen da mata suke riƙewa. A nan gida ma, lokacin fari na 2010, an raba tallafin kuɗi a ƙauyukan jihar Tawa, wasu hannu da hannu, wasu ta Zap, wani tsarin aika kuɗi ta waya, kuma gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, domin matan ba su ɓata yini a hanya da jerin gwano ba. Innata ma a wayarta take ganin saƙo idan yayana ya aiko kuɗi daga Agadas.

Tsohon malamin gona: Ƴata, Allah ya yi miki albarka, hujjarki tana da nauyi. Sai dai ki lura cewa matan Tawa kyauta aka ba su wayar, kyauta aka ba su kuɗin, wato tallafin da Malam yake rainawa shi ne ya cika tukunya, waya ta ɗauko shi ne kawai. Sannan a watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, dukanmu mun ga mutane a layi wajen mai janareta suna biyan kuɗin caji kafin su sayi goro.

Malamin makaranta: Baba, na janye kalmar "ta fi", amma ban janye cewa ta rage ba, domin yayan ɗalibar nan babu wanda ya ba shi tallafi.

Hajiya mai hatsi: To, Baba, ina da tambaya. Manoman da suke ajiye hatsinsu a magazin ƙungiya su karɓi rance a kansa har farashi ya tashi, abin da ake kira warantaj, su ne nake ji suna kirana da bazara suna ciniki da ni kamar ƴan kasuwa, har ɗayansu ya taɓa katse mini waya saboda na rage dala biyar a tiya. Ƙauyuka nawa ne a wajenku suke da irin wannan magazin?