Muhawara: sauke gumakan 'yan awaren Kudu a Amurka, goge tarihi ne ko gyara?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na sake kallon yadda aka ɗaga mutum-mutumin Janar Robert E. Lee, wanda yake a kan doki, da ƙugiya a birnin Richmond na jihar Virginia ranar 8 ga Satumba 2021, aka yanka shi gida biyu aka loda a mota. Tun 1890 yake tsaye a wurin, shekara 131 ke nan. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Na san shi ya jagoranci sojojin jihohin Kudu da suka ɓalle, na kuma san akwai batun bayi a ciki. Amma a ganina al'ummar da ta kama tumɓuke duk abin da ke tuna mata muninta, tarihinta take gogewa. Yaron da za a haifa gobe, me zai gani har ya yi tambaya?

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Baban Walid, kafin mu je ga yaron gobe, mu fara tambayar yaushe aka kafa su. An gama yaƙin basasa a 1865. Da don makoki ne, ai a shekarun da hawaye bai bushe ba za a fi kafa su, kuma a maƙabarta, kamar yadda aka yi da na farko-farko. Amma mafi yawansu tsakanin 1900 da 1920 aka dasa su, a ƙofar kotuna da harabar majalisun jihohi. Wane lokaci ne wannan? Lokacin da Kotun Ƙoli ta riga ta halatta wariya a shari'ar Plessy ta 1896, jihohin Kudu suna ta sake dokoki don hana baƙar fata jefa ƙuri'a, ana rataye mutane a bainar jama'a ba tare da shari'a ba. Sai abin ya sake tasowa bayan 1954, da kotu ta ce a daina raba makarantu. Tutar 'yan aware ma a 1961 aka ɗora ta a saman majalisar South Carolina, ana tsakiyar gwagwarmayar neman 'yanci. Wanda ya dubi waɗannan shekaru ya san da wa ake magana.

Baban Walid: Malam, wannan fassararka ce. Su iyalan sojojin cewa suke kakanninsu suke tunawa. Mutum fiye da 600,000 suka mutu a yaƙin nan, kuma yawancin sojojin Kudu talakawa ne da ba su mallaki bawa ko ɗaya ba.

Malam Ɗanjuma: Gaskiya ne, talakawa da yawa sun mutu, kuma ban ce a taɓa kabarin kowa ba. Amma ba ni na yi fassarar ba, su suka faɗa da bakinsu. A 1913, ranar da aka buɗe mutum-mutumin sojan Kudu a Jami'ar North Carolina, wani attajiri mai suna Julian Carr ya tsaya a gaban taro yana alfahari da yadda ya zane wata baƙar mace da bulalar doki a kusa da wurin. A New Orleans kuwa, ginshiƙin Liberty Place, wanda aka sauke a 2017, an kafa shi ne don tunawa da farmakin da wata ƙungiyar fararen fata ta kai wa 'yan sandan jiha a 1874, kuma a 1932 aka ƙara masa rubutu mai yabon fifikon farar fata ƙarara. Ko takardar ɓallewar Mississippi ta 1861 ba ta yi nuƙu-nuƙu ba, ta ce matsayinsu a ɗaure yake da bauta. Mutum kusan miliyan 4 ne a cikin bauta a lokacin.

Maman Ilham: Yaya Baban Walid, ka yi haƙuri in sa baki, ni a Virginia nake zaune. Kana maganar yaron da zai gani ya yi tambaya. To na sha wucewa ta gindin wannan doki kafin a sauke shi, wallahi babu abin da yake koyarwa. Sunan Lee ne kawai a jiki, shi kuma yana can sama sai ka ɗaga kai ka kalle shi. Babu inda aka ce ga bayi, babu inda aka ce Richmond na cikin manyan kasuwannin sayar da mutane a ƙasar. Wata maƙwabciyata dattijuwa, jikar bayi ce, ta ce mini tun tana yarinya ta san akwai unguwar da ba tata ba, kuma dokin nan ne alamar. Da harajinta ake share gindinsa. Ranar da aka sauke shi kuka ta yi ta yi, na rasa abin da zan ce mata.

Ustaz Nura: Ni fa ban ga abin jayayya ba. Sassaƙa surar mutum a kafa ta don girmamawa ai addininmu ya hana tun farko. A sauke duka, na Lee da na waninsa.

Barista Hadiza: Ustaz, Allah ya ƙara ilimi, amma su ba da wannan ma'aunin suke aunawa ba, don haka ba zai raba musu gardama ba. Ni damuwata wani wuri take: wa ke da ikon saukewa, kuma ta wace hanya? Na Richmond gwamna Ralph Northam ya ba da umarni a 2020, aka kai ƙara, aka jira fiye da shekara har Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci. Wannan na yarda da shi. Amma na Jami'ar North Carolina masu zanga-zanga ne suka sa igiya suka kayar da shi cikin dare a 2018. In aka buɗe wannan ƙofa, gobe wasu za su zo da tasu igiyar a kan wanda kai kake girmamawa.

Baban Walid: Yawwa Barista. Kuma ina za a tsaya? George Washington, shugaban Amurka na farko, ya mallaki bayi, Thomas Jefferson, shugaba na uku, ma haka, ɗaruruwa. A 2021 an fitar da mutum-mutumin Jefferson daga zauren majalisar birnin New York. Ke nan tsoron da ake yi ba na banza ba ne.

Malam Ɗanjuma: Wannan tambaya ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Ma'aunina shi ne: don me aka karrama mutumin? Jefferson an kafa shi ne don takardar 'yancin kai, bayinsa kuwa abin kunya ne da ya wajaba a rubuta a gefensa, kuma ni da an tambaye ni da na ce a bar shi a ƙara rubutun. Lee fa? Cire masa kakin soja da yaƙin kare bauta, me ya rage da za a ɗora shi a kan doki dominsa? Shi kansa a 1869, da aka gayyace shi taron sa alamomi a filin dagar Gettysburg, ƙi ya yi, ya ce gara kada a bar raunukan yaƙi a buɗe.

Barista, ke kuma ki duba ɗaya gefen. Jihohi da dama sun yi dokar da ta ɗaure hannun birane. Alabama ta yi tata a 2017, da tarar dala 25,000. Birmingham, birnin da yawancin mazaunansa baƙar fata ne, sai da ya zaɓi biyan tarar kafin ya iya sauke ginshiƙin da ke filin garinsa a 2020. North Carolina ma tana da irin wannan doka tun 2015, ɗalibai sun yi shekaru suna roƙo ta hanyar lalama. Ban goyi bayan igiya ba, amma wanda ya toshe ƙofa yana da kaso a laifin wanda ya haura katanga.

Barista Hadiza: Na karɓi wannan. Dokar da ta hana mutanen gari yanke hukunci a kan filin garinsu ita ma zalunci ce. Amma ina nan a kan bakana, a bi ta majalisa da kotu ko da za a daɗe.

Kawu Isa: 'Ya'yana, kuna ta Amurka. Majalisar dokokin jihar Kaduna a wane gini take zama? Lugard Hall. Kuma mu ma nan an yi bauta, akwai rinji, akwai kasuwar bayi, har yau akwai gidan da ake bin diddigin asali kafin a ba da aure. Ban ce abu ɗaya ne da nasu ba. Ina dai so in mun gama da su mu waiwayo.

Maman Ilham: Kawu, maganarka dutse, ta cancanci zama na musamman. Amma in koma kan Yaya. Ka tuna me ya tayar da wannan guguwa? A watan Yuni 2015 wani saurayi da ke ɗaukar hoto da tutar 'yan awaren nan ya shiga cocin baƙar fata a Charleston ta jihar South Carolina ya kashe mutum 9 suna tsakiyar karatun littafinsu. Bayan makonni uku aka sauke tutar daga harabar majalisa. A 2017 a Charlottesville, wani gari a nan Virginia, waɗanda suka zo kare mutum-mutumin Lee na garin da wutar tocila da tutar Nazi suka zo, ɗayansu ya afka wa jama'a da mota ya kashe Heather Heyer. Su sun san abin da gunkin yake nufi, shi ya sa suka zo.

Baban Walid: Ƙanwata, wannan ya taɓa ni, kuma na yarda harabar kotu ba wurinsu ba ne. Baƙar fata da zai shiga neman adalci bai kamata ya bi ta ƙarƙashin wanda ya yi yaƙi don a ci gaba da sayar da kakansa ba. Inda ban sauka ba shi ne lalatawa. Na Charlottesville narkar da shi aka yi a 2023. Me ya hana a yi kamar Bristol ta Ingila, inda aka tsamo mutum-mutumin dillalin bayi Edward Colston daga ruwa aka kwantar da shi a gidan tarihi, da fentin masu zanga-zanga a jikinsa, da bayanin abin da ya aikata?

Malam Ɗanjuma: A nan mun kusa haɗuwa. Na Richmond ma ai ba a narkar ba, an miƙa shi ga gidan tarihin baƙar fata na Virginia. Matsalar ita ce suna da yawa, wasu kuma kamfani ɗaya ya yi ta ƙera su iri ɗaya yana sayar wa garuruwa, gidajen tarihi ba su da wurin ajiye su duka. A ajiye na Lee, a ajiye na 1913 tare da jawabin Carr a rubuce a gefensa, kalma da kalma.

Baban Walid: In da jawabin a gefe, na yarda. Maman Ilham, don Allah in kin ga dattijuwar nan ki tambayar mana ita, a ajiye ko a narkar, wanne ta fi so?

Maman Ilham: Zan leƙa ta gobe bayan la'asar in sha Allah.